Allurar Da Na Yi Wa Matata A Fuska

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna a gidajenku.

Sunana Ayuba. Yawancinku kun san ni, ni ne mai kemis ɗin nan na hanyar Zango, kusa da masu faci. Fasto ya ce in rubuta shaidata a sa a takardar ikilisiya, tunda ranar da na tashi in faɗa da baki kuka ya hana ni. Ni ba mai dogon karatu ba ne. A aji uku na sakandare na tsaya, shekarar da babanmu ya rasu. In kun ga rubutun a karkace ku karanta shi haka nan.

Shekara goma sha ɗaya na yi a wani ƙaramin asibiti ina shara da wanke kayan aiki. Da ido na koyi allura. Yaran da suka girma a gabana suka je makaranta suka dawo da fararen kaya, suna aike na in sayo musu ƙosai. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Da na buɗe kemis mutane suka fara ce mini Dakta, ban taɓa hana kowa ba. Na fi jin daɗinsa a kan abinci. Mutum ɗaya ce ta ƙi, wato Hannatu ƙanwar matata, wadda take aikin nas a Katsina. Ta sha ce mini, "Yaya Ayuba, ka sayar da maganinka, ka bar allura." Ni kuwa in ce a raina, ji yarinyar da na riƙa kaiwa firamare a keke.

Matata Saratu shekararmu ashirin da shida tare. Bara ta yi taifot mai tsanani. Ta tashi, amma jikin bai koma ba. Kumatunta suka lotsa, tamoji ya fito mata daga gefen hanci har bakinta. Maimakon in gode wa Allah da ya bar mini ita, sai na sa ta a baki. A gaban yara nakan ce, "Ke kam in muka fita tare cewa za a yi uwata ce." Sai ta yi 'yar dariya ta shige madafa. Wai wasa nake yi.

Saura mako uku bikin 'yarmu Rifkatu, na je Kano sarin magani. Wanda nake saye a wurinsa ya jawo wani ɗan kwali daga ƙarƙashin kanta. Sirinji ne a ciki, an riga an cika shi da wani abu mai kauri, garau kamar ruwa. Ya ce, "Dakta, wannan ake yayi yanzu, allurar cika fuska. Ka sa a ƙarƙashin fata, kumatu su ciko, tamoji ya baje. Tsohuwa ta koma amarya." Ya nuna mini bidiyo a waya. Sau biyu na kalla. Na ce a raina, allura ai allura ce, mutum nawa na yi wa a duniyar nan? Na sayi huɗu.

Akwai wata Hajiya da take sayen maganin hawan jini a wurina. Da na ba ta labari ta ce tana so, za ta kawo ƙawayenta ma. Na sa mata ranar Litinin. Amma tsoro ya kama ni, don matar babban mutum ce. In wani abu ya faru da fuskarta, ina zan zauna a Daura? Sai na ga ina bukatar fuskar da zan gwada hannuna a kai tukuna. Fuskar da ba za ta kai ni ƙara ba.

'Yan'uwa, kun ji abin da na ce? Matata na zaɓa.

Ban gaya mata haka ba. Cewa na yi, "Maman Rifkatu, na sayo miki wani abu saboda biki. Ke ce uwar amarya, hoto za a yi ta ɗauka."

Ta juya kwalin a hannu, ta ce, "Hannatu ta san shi?"

Na ce, "Hannatu ce ta aure ki ko ni?"

Ta miƙo mini kwalin.

Ranar Asabar da safe na zaunar da ita a kujera a tsakar gida, inda akwai haske. Ni yadda na saba allura shi ne in soka, in danna, in zare, kafin mutum ya ce wash an gama. Da wannan saurin nake taƙama. Haka na yi a gefen hancinta na hagu, na danna rabin sirinji lokaci guda. Ta ƙanƙame mini hannu.

"Wayyo Baban Rifkatu, kamar wuta!"

Wurin ya yi fari fat, kamar an shafa toka. Na ce mata haka yake yi. Ƙarya nake, ban sani ba. A bidiyon ban ga haka ba.

Kafin la'asar wurin ya koma ja da shuɗi-shuɗi, da zane-zane kamar raga. Na ba ta farasitamol da kafso. Ta ce, "Don Allah mu kira Hannatu." Na karɓe wayarta na sa a aljihu. Na ce duk wanda ya tambaya, haƙori ne, ta ja gyale ta rufe. A garin nan wa zai tambayi mace don ta rufe fuska?

Gari ya waye Lahadi wurin ya fara duhu, wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa sun feso. Na gani da idona. Na san ba lafiya ba. Duk da haka na sa rigata na taho sujada don kada a ce ba a gan mu ba, na zauna a benci na uku ina rera waƙa tare da ku. Fasto ya tambaye ni ita, na ce haƙori.

Abin da na manta shi ne al'adar matanmu. Saratu ce mai buga tulu a zumuntar mata, ranar kuwa ba a ji tulu ba. Kun kuma sani, in ɗayarsu ba ta zo ba, daga majami'a sai gidanta, kafin kowace ta je ta ɗora tukunya. Shekara nawa ina ganin suna yin haka, amma ban sa shi a lissafina ba.

Na riga su isa gida a babur, na tsaya a bakin ƙofa. Ga su nan su takwas, shugabarsu Mama Laraba a gaba da sandarta.

Na ce, "Mama, barci take yi. Haƙorin ne ya wahalar da ita."

Ta ce, "To Dakta, mu ma ai ba cire mata haƙorin muka zo yi ba. Matsa mu wuce."

Suka yi dariya, suka wuce ni. Saratu tana zaune a bakin gado, ta ja gyale har ƙasan ido. Na ji ta da kunnena tana cewa, "Haƙori ne Mama, ya kumbura, shi ya sa na rufe." Ni na cuce ta, ita take rufa mini asiri!

Suka yi waƙa ɗaya a hankali. Sai Mama Laraba ta juyo ta ce, "Maigida, kai ne kan gidan nan. Yi mana addu'a mu ce amin."

Na durƙusa. Na fara, "Ya Ubanmu na sama, mun gode maka. Ga baiwarka Saratu, ga wannan haƙo..."

Harshena ya tsaya. Na sake gwadawa, ya ƙi. Na yi wa Fasto ƙarya da safe, na yi wa Mama Laraba a ƙofa, ko gezau ban yi ba. Amma Wanda yake kallon hannuna jiya a tsakar gida, shi zan ce wa haƙori? Ga mata takwas sun rufe ido suna jira su ce amin a kan ƙaryata. A bayana kuma ina jin yadda Saratu take jan numfashi ta baki saboda zafi. Ban san sa'ad da maganar ta fito ba.

"Ya Yesu, ni ne. Ba haƙori ba ne. Ni na yi mata allura a fuska, ban san abin da nake yi ba. Kada ka bar hancinta ya ruɓe saboda girman kaina. Ka ji tausayina!"

Ba wadda ta ce amin. Mama Laraba ta je ta ɗaga gyalen, ta duba, ta ce, "Yesu!" Sannan ta dungure ni da sanda. "Tashi Ayuba. Allah ya ji. Yanzu kira wadda ta san aikin."

Na ciro wayar Saratu daga aljihuna a gabansu duka, na kira Hannatu. Na gaya mata. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi, amma ba ta zage ni ba.

"Tun yaushe?"

"Jiya da safe."

"Kwalin yana nan?"

"Yana nan."

"Ka ɗauko shi ku taho yanzu. Kada ka shafa mata komai. Yaya Ayuba, kada ka ƙara taɓa ta."

Maƙwabcina Malam Sale, direba ne, tuwo yake ci ya ajiye ya fito da mota. Muka bi ta Mashi zuwa Katsina. Duk hanya yana cewa, "Dakta, Allah zai kawo sauƙi." Kowane Dakta da ya faɗa sai in ji kamar ni ake soka wa.

Likitan da Hannatu ta kai mu wurinsa yaro ne, sa'an ɗana, irin waɗanda nake rainawa. Ya karanta kwalin, ya duba fuskar. Ya ce fuska cike take da ƙananan jijiyoyin jini, abin ya shiga ɗaya ya toshe ta, fatar da ba ta samun jini kuwa mutuwa take yi. Ya ce wasu jijiyoyin wurin a haɗe suke da ido, da can ya bi da ta makance.

Ya ce, "Baba, wa ya yi mata?"

Hannatu ta dubi ƙasa. Na ce, "Ni ne."

"Me ka karanta?"

"Ba komai."

Ya ce abu ɗaya ya taimake mu, irin wanda na sa ana iya narkar da shi da wata allura, akwai irin da ba ya narkewa. Maganin babu shi a wurinsu. Ya kira wani abokin aikinsa a Kano aka sako maganin a motar tasha. Ina tsaye a ƙofar asibiti ina kallon hanya, ba abin da nake iya faɗa sai sunan Yesu. Ana kiran magariba maganin ya iso.

Kwana uku suna yi mata. A rana ta biyu likitan ya danna fatar da yatsa ya saki, muka ga jini ya dawo wurin. Halleluya! Hancin bai tafi ba, ido lafiya lau. Amma ɗan wuri a gefen hancin ya riga ya mutu, ya bar tabo girman farcen babban yatsa. Likitan ya ce da ranar Asabar ɗin muka zo, mai yiwuwa ko tabon ba za a samu ba. Wannan kwana ɗayan nawa ne, ni na ɓata shi.

Saura abu guda da ban faɗa ba ko a addu'ar. Rana ta huɗu, muna mu biyu a ɗakin marasa lafiya, na ce, "Maman Rifkatu, ba don biki na yi miki ba. Gwaji na yi, saboda wata Hajiya."

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Kin sani?"

"Ran Juma'a na ji ka a bayan ɗaki kana waya, kana ce mata ta zo Litinin, kafin nan ka ga yadda yake yi."

"To me ya sa kika zauna a kujerar?"

Ta ce, "Na ce ko in fuskar ta ciko za ka riƙa duba na in ina yi maka magana."

'Yan'uwa, ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan. Na fita waje na zauna a ƙasa.

Da filasta a hanci ta yi bikin 'yarta. Sauran sirinjin na ba Hannatu, Hajiya kuma na gaya mata gaskiya. Tun daga nan ban ƙara yi wa kowa allura ba, wanda ya zo sai in nuna masa hanyar asibiti. Ciniki ya ragu. Na san kuma abin da ake faɗa a kaina a bakin majami'a bayan an tashi. Ku faɗa, wannan karon gaskiya kuke faɗa.

Ba zan ce muku na zama waliyyi ba. Har yanzu in na ga yaro da farar riga hassada takan taso mini, ku riƙa sa ni a addu'a. Saratu ta ce ta yafe mini. Akwai ranakun da ba ta son magana, ban kuwa ga laifinta ba. Amma Ubangiji ya fisshe ni daga ƙaryar da na zauna a cikinta fiye da shekara ashirin, ya kuma ceci fuskar matata daga hannuna. Mata, in wani ya ce zai cika muku fuska, ku tambaye shi inda ya koya, ko da mijinku ne. Maza, ku kula da abin da kuke ce wa wasa.

Wanda yake da abin da ya rufe a gida, kada ya jira sai ya yi baƙi. Ka kai wa Yesu yau, ka faɗe shi da sunansa, sannan ka tashi ka kira wanda kake jin kunyar kira. Ni na jira, Saratu ce take ɗauke da shi a fuska. Tabon yana nan, kullum ina ganinsa, domin yanzu in tana magana ita nake kallo.

Na gode wa Allah Uba da bai yi mini gwargwadon aikina ba. Ku dogara gare shi, yana jin mai laifi ma. Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.