Wa Ke Jan Rodin Munawwara?

Munawwara: Salamu alaikum. Kawu Sulle? Kawu, kana ji na?

Kawu Sulle: Wa alaikumus salam. Wa ke magana? Nuriyya ce?

Munawwara: Munawwara ce, Kawu, ta Ƙaraye. Ina wuni?

Kawu Sulle: Af, 'yar nan, ke ce? Lafiya lau. Ya gida, ya yara, ya maigidan naki?

Munawwara: Duk lafiya. Baban Kausar yana Kano tun shekaranjiya. Ya mutanen Rogo? Ya ƙafar Inna?

Kawu Sulle: Da sauƙi, har ta fara takawa. Kun samu ruwa kuwa? Mu nan jiya an ɗan yi yayyafi.

Munawwara: Ruwan ne ma ya sa na kira, Kawu. Ya cika mana gida.

Kawu Sulle: Alhamdu lillahi! Sai shuka ke nan.

Munawwara: Ba na sama ba, Kawu! Na ƙasa! Bututun nan da ka sa mana a wajen wanke-wanke, shi ne yake amai. Kwana uku ke nan, in na zuba ruwa sai ya dawo, har da ƙari.

Kawu Sulle: Tsaya. Wane bututun? Gidaje nawa na yi wa aiki a Ƙaraye. Naku ne mai bishiyar lemo?

Munawwara: Mai zogale. Ka manta ka sha fura a gindinta?

Kawu Sulle: To, to. Ai toshewa ya yi. Ki samu rodi, ki lanƙwasa bakinsa, ki zura.

Munawwara: Na zura! Kawu, wallahi akwai abu a ciki. Yana da rai.

Kawu Sulle: Me? Layin yana tsinkewa, na shigo lungu. Yana da me?

Munawwara: Rai! In na tura rodin, sai a turo shi. In na ja, sai a ja. Ɗazu saura kaɗan a fizge shi daga hannuna, har na zauna daɓas a cikin ruwan.

Kawu Sulle: Subhanallahi. Gafiya ce.

Munawwara: Gafiya tana jan rodi? Kuma tana yin awara?

Kawu Sulle: Awara kuma? Ke, ni fa na rikice. Yunwa kike ji?

Munawwara: Ruwan da ke fitowa fari ne, da dusar waken suya a ciki. Ni rabona da taɓa waken suya tun azumi. Sannan da na samu na zaro rodin da ƙyar, sai ga tsumma a naɗe a bakinsa. Kawu, atamfar ankon sunan Kausar ce, mai ganye-ganyen nan. Tawa tana cikin akwati, na je na duba, ko zare bai fita ba. Wa ya sa min wannan a ƙarƙashin gida? Ni jikina ya ba ni sammu aka yi min.

Kawu Sulle: Kai, a'uzu billahi. Kada ki taɓa shi da hannu. A'a, tsaya ma tukuna... Mutum nawa suka yi ankon?

Munawwara: Sun fi ashirin. Kawu, ba lokacin ƙirga mutane ba ne! Hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. Ruwan ya kai bakin ɗakin da muka ajiye gyaɗar iri, buhu huɗu, kuma ka san bangon na ƙasa ne. In aka sauke ruwan nan a haka, bana ba mu da abin shukawa. Me zan ce wa Baban Kausar?

Kawu Sulle: Ki fitar da buhunan mana.

Munawwara: Ni kaɗai, da cikin nan wata bakwai?

Kawu Sulle: Haka ne, haka ne. Bari in tuna. Mai zogale... Gidan da ke jikin katangarku ta yamma, ba na Yusha'u ba ne?

Munawwara: Nasa ne.

Kawu Sulle: Matarsa Turai, me take sayarwa?

Munawwara: Ni ban san harkar waccan matar ba. Shekara guda ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa mu, tun da akuyarta ta cinye min shanyar kuɓewa ta ce wai ni na bar ƙofa a buɗe.

Kawu Sulle: Na ce me take sayarwa?

Munawwara: ...Awara.

Kawu Sulle: Ta yi ankon?

Munawwara: Ita ce ma ta zaɓo shi a kasuwa. To ka gani! Ashe ita ce ta yi min! Wallahi na san za a rina!

Kawu Sulle: Ke, saurara! Babu wanda ya yi miki komai. Bututu ɗaya ne da ku.

Munawwara: Ɗaya kamar yaya? Nawa yana gidana.

Kawu Sulle: Bakinsa ne a gidanki. Ɗaya bakin yana gidanta. Lokacin da na yi aikin, mazanku tare suke cin tuwo a zaure ɗaya, suka ce kada a fasa katanga sau biyu. Sai na miƙe shi ya ratsa, na yi ɗan rami a tsakiya inda ruwanku yake haɗuwa ya gangara kwata. Ramin ne ya cika.

Munawwara: To abin da ke jan rodin fa?

Kawu Sulle: Turai ce! Ita ma gidanta ya cika, ta ɗaura tsumma a nata ƙarfen tana zurawa. Ke ki tura mata dattin, ita ta turo miki. Kwana uku kuna kokawa a ƙarƙashin katanga!

Munawwara: Innalillahi. Shi ya sa jiya na ji tana ta karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Na zaci da ni take.

Kawu Sulle: Da ke take mana, ba ta dai sani ba.

Munawwara: To ai laifinta ne, dusarta ce ta toshe shi.

Kawu Sulle: Ke da me kike goge tukunya?

Munawwara: Toka da yashi.

Kawu Sulle: Ina suke tafiya in kin ɗauraye? Na gaya muku ku sa raga a bakin, ku riƙa zuba tafasasshen ruwa duk Juma'a. Kin yi?

Munawwara: Ragar... Kausar ta mayar da ita matacin wasa. Yanzu dai ina ramin yake? In buɗe in kwashe.

Kawu Sulle: Taku biyu daga katanga. Akwai murfin siminti, na sa masa marikin ƙarfe.

Munawwara: Ga ni a wajen. Babu komai, Kawu, sai turmi.

Kawu Sulle: Ba ta ɓangarenki ba. Ta nata.

Munawwara: Na'am?

Kawu Sulle: A cikin gidan Turai yake. Kuma murfin ba ya ɗaguwa da mutum ɗaya, ke ma kada ki kuskura ki ɗaga da cikin nan. Ki riƙe mata bokiti, ta samo wanda zai kama mata.

Munawwara: Kawu, ba za ka hau mashin ka zo ba? Don Allah.

Kawu Sulle: Daga Rogo? Kafin in iso gyaɗarku ta tsira a cikin buhu.

Munawwara: To ka kira Yusha'u.

Kawu Sulle: Ba ni da lambarsa. Ke da kike da baki, ga katanga nan ko kafaɗarki ba ta kai ba.

Munawwara: Ni in fara yi mata magana? Bayan ta ce... Wayyo, an fara ɗigowa! Kawu, iska ta taso!

Kawu Sulle: To ki zaɓa, kuɓewar bara ko gyaɗar bana. Ke, katin wayar taki ma...

Munawwara: Tsaya, rodin yana motsi kuma! Ta dawo!

Kawu Sulle: Saki rodin, ki buɗe baki!

Munawwara: Kunya nake ji, wallahi... Salamu alaikum, Turai! Maman Uwais! Maman Uwais, daina ja, ba aljani ba ne, ni ce!

Kawu Sulle: Ta amsa? Munawwara, me ta ce?

Munawwara: Ta saki salati... Wai in zagayo a hankali, akwai santsi a zau...

Kawu Sulle: Halo? Halo? 'Yar nan?