Rabin Waƙar Wanki

A benci, ƙofar ɗakin da kwamiti ke tantance masu neman tallafin bincike kan al'ada da zaman lafiya, wata malama ta gaji da jira, ta juya ga mutumin da ke gefenta.

"Malam, kai a kan me za ka yi naka binciken?"

"Waƙar wanki, Hajiya. A garinmu, da, mata kan yi wanki a bakin rafi, na wannan tsallake su ba da waƙa, na wancan su amsa. Ko an yi faɗa da safe, kafin kaya su bushe an shirya. Tun rikicin da ya raba garin gida biyu aka daina."

Ta matso kusa da shi. "Rera mini mana."

Ya rera ƙasa-ƙasa, ya tsaya. "Iyakar abin da innata ta bar mini ke nan. Amshin yana wajen mutanen tsallake, mu da su kuwa ko gaisuwa babu."

"Ai ka cika jan ta. Da sauri ake yi, daidai da bugun zane a kan dutse."

"Ke kuma a ina kika sani?"

"Mu ne mutanen tsallaken. Amshin na kawo wa kwamiti, ni ma rabi gare ni."

Ya dubi ƙofar ɗakin. "Mutum ɗaya fa za su ba."

"Na sani."

Aka leƙo, aka kira shi. Ya tattara takardunsa, har ya kai ƙofa sai ya dawo ya zauna.

"Su jira, Hajiya. Yi mini amshin tukuna. Rabona da jin sa tun ina goye a bayan inna."