Takardar Italiya ta Kakuri

"Oga, wannan takardar mai zane daga wace ƙasa kuke shigo da ita?"

Ina bayan labule na ji tambayar, hannuna dumu-dumu da koko mai shuɗi. Ban ga mai maganar ba, amma muryar da na tashi ina ji kowace Lahadi ba za ta ɓace mini ba. Faston garinmu ne, a tsakiyar Kakuri, a shagon da ba wanda ya san ina aiki a cikinsa.

Rahila, Saratu, tun da na iso gida shekaranjiya kuke bina daga madafa zuwa rijiya, wai in tafi da ku Kaduna, maigidana Yaya Ishaya ya samo muku aiki. Kun san bakina bai iya doguwar magana ba. Shi ya sa na yagi takarda a littafin Saratu, na zauna a gindin mangwaro ina rubutawa. Ku yi haƙuri da rubutun, kun san inda na tsaya a makaranta.

Kun tuna ranar da na tafi? Mama ta sayar da cittarta, ta ƙulle mini kuɗin mota a bakin zani, ƙulli biyu, har sai da na sa haƙori a tasha. Baba kuwa duk wanda ya gamu da shi sai ya ce, "Laraba za ta bi mijinta, yana aiki a matatar mai ta wajen Rido." Gaskiya ne a lokacin. Wani ɗan kwangila ne ya ɗauke shi. Watana huɗu da zuwa kwangilar ta ƙare, aka ce su je gida za a kira su. Har yau ana kira.

Ranar da aka sallame su, Ishaya ya zauna a bakin katifa bai cire takalmin aikin ba. Ya ce, "Laraba, abu ɗaya nake roƙonki. Kada gida su ji." Na ce to. Kun san yadda Baba ya yi ta jan maganar aurenmu sai da ya ji akwai aiki. Tun daga nan kullum da safe maigidana yakan sa rigar kamfani ya fita daga Unguwar Boro kamar mai zuwa Rido, sai ya kai Narayi ya tuɓe ta ya sa a leda, ya ɗauki bulo a inda ake gini. Wata rana a samu, wata rana ya dawo da ledarsa kawai.

Ni kuma na shiga bin shaguna ina tambayar ko suna son mai shara. Kunya kamar in nutse. A haka na faɗa shagon Oga Emeka, mai gyaran littattafai. Littafi Mai Tsarki da ya yage, littafin waƙoƙi, rubutun ɗaliban da suka gama makaranta, duk shi ke ɗinkewa ya yi musu bango. Na same shi yana dama sitaci a tukunya, duk ya yi gudaji, yana ta masifa da yarensu. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Oga, ba a zuba gari a ruwan zafi kai tsaye, sai an dama da na sanyi" ba.

Ya ɗago ya dube ni. "Kai ka iya?"

Shi kowa kai ne a wurinsa, mace da namiji. Na dama masa, ya fito sumul. Ya ce in zo gobe.

Aikin kuwa ga shi. In kun buɗe littafi mai bango mai kauri, akwai takardar da ke manne a cikin bangon, gaba da baya. Oga yana kiranta endifefa. Na yi sati ina zaton sunan wata yarinya ce da ta bar aikin kafin ni. Takardar nan nake yi wa ado. In dama sitacin rogo kamar kokon jinjiri, in tace da tsumma, in raba a robobi, in zuba kala. In jiƙa takarda da soso, in shimfiɗa a kan allo, in shafe ta da kokon. Daga nan sai sauri, domin kafin ka yi numfashi goma ya fara kamewa. Ka ja mataji a kai, ko guntun kwali da aka yi wa haƙora, ko yatsa. Inda ka ja, farin takarda ya fito, kalar ta taru a gefe ta yi tudu. Sai shanya a igiya, in ta bushe a bi bayanta da dutsen guga.

Jin sa da daɗi, ko? Ku yi shi a sunkuye daga safe zuwa la'asar a ɗakin da ba taga. Da zafi koko kwana biyu ya yi tsami, warinsa ya bi ka har gado. Da damina takarda ta ƙi bushewa, ta yi fumfuna. Akwai ranar da na kwaso takardun na shanya a igiyar gidan hayarmu, iska ta manna ɗaya a zanin zumuntar mata na matar mai gidan.

"Amarya! Zo ki ga aikinki! Da wannan zan shiga coci, a ce shuɗi na sha?"

"Mama, ki yi haƙuri, zai fita."

"Zai fita! Ke ma za ki fita. Matar ma'aikacin Rido da wasan kala kamar 'yar firamare?"

Na ce mata sha'awa ce kawai. Na wanke zanin sau uku. Tun daga ranar nake sayen jan farce, domin shuɗin in ya shiga ƙarƙashin farce ko lemun tsami da toka ba sa fitar da shi. Ku da kuke ta yaba farcena kuna cewa Yaya ta waye, to kun ji wayewar.

Oga ba mugu ba ne, sai dai baki. "Laraba, wannan dizayin na jiya ne, kawo sabo!" Har mataji ya ishe ni. Wata rana bayana yana ciwo, hankalina ya tafi gida, sai na ga hannuna yana yin abin da ban sa shi ba. Yatsa uku, suna tafiya a karkace kamar rafi, a ƙarshen layi in dangwala babban yatsa. Zanen da Mama ke yi a jikin rumbu ke nan in ta gama yaɓe, tun idonta na gani. Ni nake riƙe mata kwaryar laka. Oga ya leƙo ya duba, sannan ya ce, "Yi mini ashirin." Zanen nan ne ya fi tafiya a shagon. Kuma shi ne Fasto ya ɗaga ranar yana tambaya.

"Foren ne, Fasto," in ji Oga. "Daga Italiya. Jirgi ke kawowa."

Haka yake gaya wa kowa, shi ya sa ma aka sa labule. Da abin yakan ɗan sosa mini rai. Ranar kuwa har godiya na yi wa Italiya a zuciyata. Ina jin Fasto yana sauke jaka yana cewa littattafan dattawan coci ne, za a gyara kafin bikin godiyar kaka. Ya ce ƙishi yake ji. Oga ya ɗaga murya, "Lara..." Na yi wuf na kifar da robar kala da gangan. Ya leƙo zai yi faɗa, ya ga fuskata, na haɗa hannu biyu ina girgiza kai. Ya dube ni, ya dubi labulen. Ya koma ya ce, "Fasto, yarinyar ta fita, bari in sayo maka fiya wata."

Da Fasto ya tafi na buɗe jakar. Na uku daga sama na Baba ne. Bangon ya rabu, an ɗaure da robar taya. A shafin farko ga sunayenmu da hannunsa, Laraba, Rahila, Saratu, da na Yohanna da ya rasu, da ɗan gicciye a gefe. Na zauna a ƙasa na daɗe.

Hankali ya ce in yi masa zanen mataji irin na kowa. Na yi, na yaga. Littafin Baba ne. Na dama sabon koko, na haɗa ja da ɗan baƙi har ya yi kalar ƙasar gidanmu, na sa yatsa uku. Ban taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba. Sai da aka manne shi, aka danne da ƙarfe, sannan na gane abin da na yi. Na aika da shaidar hannuna gida.

Sauran kun gani da idonku jiya bayan coci, sai dai ba ku san me kuke gani ba. Baba a kan kujerarsa yana buɗe wa baƙi littafin. "Ku taɓa ku ji. Daga Italiya. Fasto ya ce jirgi ke kawowa." Maigidana yana gefe cikin sabuwar riga, ana ce masa manyan Rido, yana murmushin da ni kaɗai na san nauyinsa. Sai Baba ya juyo.

"Laraba, ke da kike birni, kin taɓa ganin irinta?"

Na ce, "Na taɓa gani, Baba."

Mama ta ce a miƙo mata. Kun san yanzu da hannu take gani. Ta bi tudun zanen da yatsa uku, a hankali, har ƙarshen layi. Babban yatsanta ya faɗa daidai inda nawa ya dangwala. Ta koma layi na biyu, haka. Kalma ɗaya za ta faɗa, Baba ya tambayi abin da ya kai matar ma'aikaci shagon koko, daga nan sai rigar da ke cikin leda.

"Mutanen Italiyan nan," in ji Mama, "ashe su ma suna da rumbu."

Kowa ya yi dariya, ke Rahila har da riƙe ciki. Ta mayar wa Baba littafinsa. Da na zo ɗauke kwanuka ta kama hannuna, ta shafa tafin, ta bi faratan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a hankali, "Ki tafi da man kaɗanya. Hannun nan ya yi kaushi." Na ɗauki kwanukan na wuce madafa.

Na ɗauka in na rubuta muku wannan za ku bar zancen Kaduna. Yanzu na karanta daga sama, na ga ba labarina ba ne ni kaɗai. Saratu, ke ba kya iya riƙe magana ko ta kwana ɗaya, kuma ga maigidana can yana taya Baba gyaran shinge, suna hira kamar ɗa da uba. Na ce masa to, ranar da bai cire takalmi ba.

Gobe zan ce muku ɗakinmu ƙarami ne, ku bari sai baɗi. Za ku yi fushi, ku huce. Takardun nan kuma zan ninke su a ƙasan jaka. Oga yakan sa tsofaffin takardu a ƙashin bayan littafi kafin ya rufe da bango, don ya yi ƙarfi. In na koma shago zan shafa musu koko da hannuna in manne su a can. Ba zan gaya wa kowa ba.