Mun Ga Kana Ɗaga Mayo

Halidu: Alo? Alo! Salamu alaikum. Shagon Alhaji Garba ne, na Katako?

Sumana: Wa alaikumus salam. Ɗaga murya, ana yankan katako nan, ba na ji!

Halidu: Na ce shagon Alhaji Garba ne?

Sumana: Shi ne. Alhaji ya tafi unguwar Filato tun da safe. Wa ke magana?

Halidu: Sumana? Kai ne? Halidu ne.

Sumana: Hamidu?

Halidu: Halidu! Halidu tela, na ekip ɗinku, ƙungiyar tseren keke.

Sumana: La ilaha! Tsoho! Kai ne? Fofo, fofo! Ina kwana?

Halidu: Lafiya lau, ƙanena. Ina gajiya?

Sumana: Babu gajiya. Ya jiki?

Halidu: Da sauƙi. Ya mutan gida? Ya Inna?

Sumana: Tana lafiya, baani samay. Ya zafi?

Halidu: Zafi sai haƙuri. Can an samu ko yayyafi?

Sumana: Wane yayyafi? Ko gajimare ba mu gani ba. Kogi ma yana ta ja da baya.

Halidu: Allah ya kawo sauƙi. Ya sauran 'yan ekip? Ya Alhaji?

Sumana: Kowa lafiya. Alhaji sai fara'a yake.

Halidu: Ai dole. Na ji a rediyon manjo, babban nas na likitar nan, an ce Sumana ne ya fara shiga Dosso. Barka, ƙanena, barka! Wallahi ina kwance sai da na yi kabbara.

Sumana: Na gode, Tsoho. Da ka ga yadda na bar su a hawan ƙarshe! Kwamanda, sojan da ke mulkin Dosso, da kansa ya miƙa mini kofi. An ɗauke mu hoto, ya dafa kafaɗata.

Halidu: Madalla. To wannan tayar gaba da na ciro na ba ka, ba ta yi maka rawa ba?

Sumana: Wace... a'a, ta yi daidai. Amma wace likita kake cewa? Kana ina ne?

Halidu: Birnin Gaure. Ƙaramar likita, ɗan asibitin nan na bakin hanya. Tun daren Lahadi ina nan, yau Alhamis. Zazzaɓi ya kayar da ni kwana uku, da na farfaɗo kuma aka ce waya ba ta aiki. Yanzu ma mutum biyu suka ɗauko ni zuwa ofishin manjo.

Sumana: Suka ɗauko ka? Faɗuwa ka yi?

Halidu: Ƙafafu ne. Bayan na ba ka tayar da ruwan da ya rage mini ka wuce, sai da na yi kamar minti ashirin kafin motar ekip ta iso. Alhaji ya leƙo ta taga ya ce in jira nan, suna dawowa. Na zauna har la'asar, babu ko inuwa, itatuwan duk sun bushe. Da na ga ƙishi zai kashe ni sai na saɓa keken a kafaɗa na kama hanya. Ka san takalmin tsere ba ya tafiya, ƙarfen ƙasan yana zamewa. Sai na cire.

Sumana: Kan gudro, kwalta zalla? A wannan rana? Kai Tsoho, kai ma dai!

Halidu: Gudron narkewa yake, yana kama fata. Ban damu ba, ni tunanina ku. Na ce lalle motar nan ta lalace, tunda tun da safe take tafasa. Ta gyaru dai?

Sumana: Mota? Lafiyarta ƙalau. Da ita muka dawo.

Halidu: Ta wace hanya?

Sumana: Hanya nawa ce daga Dosso zuwa Yamai?

Halidu: To ba ku gan ni ba ke nan. Dab da magariba na ga wata mota bashe fara kamar tamu, na cire rigar ina ɗagawa...

Sumana: Eh, ai mun ga kana ɗaga mayo, sai dai...

Halidu: Me ka ce?

Sumana: Alo? Layin nan ba shi da kyau.

Halidu: Layi lafiyarsa lau. Kun gan ni?

Sumana: Bon. Saurara, Tsoho, kada ka ɗauki zafi. Ka san wurin da ka tsaya. Cikin mutanen nan na arewa da dabbobinsu suka ƙare, sun fi ɗari a bakin hanya, kowa da ƙwarya a hannu. Mu kuma buhu shida na hatsi ne a bayan mota, kyautar ekip ɗin da ta ci. Da mun taka birki, kafin ka sa ƙafa sun yi wa buhunan nan wasoso. Shofer ya rage gudu, Alhaji ya ce taka. Shi ke nan.

Halidu: Kai kuma me ka ce?

Sumana: Ni kofi ne a cinyata, me zan ce? Kuma gaskiya babu wuri. Mutum biyar, keke biyar, ga buhuna.

Halidu: Mutanen da kuka ji tsoro, su suka tsince ni da na faɗi. Wata tsohuwa ta jiƙa tsumma tana matsa mini a baki. Jakinsu ɗaya da ya rage, shi suka ɗora ni, keken kuma wani dattijo ya ɗauko a ka har ƙofar likita.

Sumana: To ka gani, ashe Allah ya tanadar maka mota.

Halidu: Dariya kake yi?

Sumana: Wallahi a'a. Kawai na hango ka ne kan jaki da gajeren wandon tsere. Yi haƙuri. Keken dai yana wurinka?

Halidu: Yana ƙarƙashin gadona. Sumana, lokotoro ya duba ni jiya. Ƙafar hagu ta rube. Gobe za su kai ni Dosso su cire yatsu biyu.

Sumana: Su cire me?

Halidu: Yatsu! Yatsu biyu!

Sumana: Subhanallahi. Biyu dai? To da sauƙi, ai ba da yatsu ake tuƙa keke ba. Kuma dama shekarunka sun ja, talatin da nawa ne? Wannan hutu ne ya zo maka.

Halidu: Ka je unguwar Lazare ka gaya wa matata Hadiza inda nake. Kwana huɗu ba ta san ko ina raye ba. Ka kai mata nawa buhun, na bar gidan babu hatsi ko tiya ɗaya, ga goyo.

Sumana: Hadiza ta zo nan sau biyu.

Halidu: Allah sarki. Me kuka ce mata?

Sumana: Alhaji ne ya yi mata magana, ni ina can baya.

Halidu: Me ya ce mata?

Sumana: Ka san sojoji da lissafin mutane. A Dosso Kwamanda ya riƙe takarda, ya ce mutum shida kuka rubuta, ga biyar, ina na shida? Gaban jama'a, gaban 'yan rediyo. Kana so Alhaji ya ce ya bar mutum a daji? Ai a ranar za a soke ekip ɗin, wataƙila ma ya kwana a bariki. Sai ya ce ka gudu.

Halidu: Na gudu?

Sumana: Ka ga ba za ka iya ba, ka saɓe hanya ka nufi iyaka da keken ekip don ka sayar. Kwamanda ya ce a rubuta sunanka.

Halidu: Kana tsaye aka faɗi haka? Da tayata a jikin kekenka?

Sumana: Ba wanda ya tambaye ni.

Halidu: Kuma shi kuka gaya wa matata?

Sumana: Abin da aka faɗa wa Kwamanda shi za a faɗa wa kowa, in ba haka ba magana ta rabu biyu. Ta yi kuka, ta ce mijinta ba ɓarawo ba ne. Ranar Talata aka je gidan da zandarma, aka ɗauke keken ɗinkinka, a ajiye har na ekip ya dawo.

Halidu: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gaban maƙwabta?

Sumana: To da rana aka je.

Halidu: Buhun fa?

Sumana: Wane buhu?

Halidu: Shida ka ce. Mu shida ne.

Sumana: Na waɗanda suka ƙare tsere ne, Tsoho. Haka doka take, kai ka fi ni sani. Kai ba ka ƙetare layi ba.

Halidu: Wa ya ɗauki na shidan?

Sumana: Alhaji ya ce wanda ya ci ya ƙara.

Halidu: Kai.

Sumana: Gidanmu mu goma sha huɗu ne, ka sani.

Halidu: Shekara tara, Sumana. Na tsince ka kana tallar ƙanƙara kan keken da babu birki. Ni na koya maka yadda ake lafewa bayan mutum. Shekara tara ina gaba iska na dukana kana hutawa a bayana, in koma mota in ɗebo ruwa in kawo maka, in sake komawa. Sau ɗaya ban taɓa cewa a bar ni in ci ba.

Sumana: Don ba za ka iya ba ne. Kada mu yi wa juna ƙarya. Kowa da aikinsa a ekip, naka ka yi, an gode. Da ni ne a bayanka da taya mai kyau, da Alhaji ba zai ce in ba ka ba, don ya san ko an ba ka taya goma na bakwai za ka zo.

Halidu: Alo? Sake faɗa.

Sumana: Ka ji ni sarai. Yanzu ga abin da zai fisshe ka. Alhaji ya ce in ka ɓullo a gaya maka, ba ya son fitina. Ka aiko da keken a motar kasuwa. In ka warke ka zo, ku je tare gaban Kwamanda, ka ce rana ce ta taɓa maka kai ka yi abin da ka yi, ka tuba. Alhaji zai roƙa maka, a goge sunanka, a mayar maka da keken ɗinki.

Halidu: In ce ni ɓarawo ne.

Sumana: Ka ce kuskure ne. Minti biyar an gama.

Halidu: In na faɗi gaskiya fa? Manjo shaida ne, mutanen da suka kawo ni shaida ne.

Sumana: Mutanen? Jiya aka ce an kwashe na bakin hanyar nan a manyan motoci an mayar da su arewa. Manjo kuma ƙafarka ya gani, bai ga mota ba. Mu biyar ne da shofer da Alhaji, bakinmu ɗaya. Wa Kwamanda zai yarda da shi, wanda ya dafa wa kafaɗa a hoto ko tela? Ka tuna da 'ya'yanka.

Halidu: Yakuba ma, da muke tsere tare? Shi ma ya yarda?

Sumana: Yakuba ne zai hau kekenka. Ya daɗe yana so, nasa ya yi masa gajarta. An zaɓe mu mu je tsere ƙasar waje wata mai zuwa, takardu na Filato, abin da ya kai Alhaji ke nan. Don haka kada ka daɗe da keken can. Mayon ma ka haɗo, a wanke. Bai yage ba dai?

Halidu: Da shi aka ɗaure mini ƙafa.

Sumana: Kash! Sabo ne fa. To ba komai, za a ɗinka wani. Akwai tela nan kusa.

Halidu: Sumana, abu ɗaya nake roƙonka. Ba don ni ba. Ka je ka ce wa Hadiza ina raye. Ko tiya biyu ka ɗiba mata daga cikin buhun.

Sumana: In na je gidanka yanzu mutane za su ce na san inda kake. Bari in ga Alhaji tukuna. Alo? Kana ji?

Halidu: Ina ji. Manjo ya ce in sauka, ana son wayar.

Sumana: Tsaya, tsaya, kada ka ajiye! Dama ina son tambayarka. Wannan ruwan da kake haɗa mini a gora, mai ɗan tsami, wanda ke hana ƙafata ɗaurewa. Yakuba ya gwada jiya, ya yi mini kamar ruwan wanki. Me da me kake sawa?

Halidu: Yanzu kake tambayata wannan?

Sumana: Haba Tsoho, ƙasa za mu wakilta. Kana so ƙafata ta ɗaure a gaban baƙi? Kai ne fa ka rene ni.

Halidu: Tsamiya ce.

Sumana: Yawwa. Bari in rubuta. Tsamiya.

Halidu: A jiƙa ta tun jajibiri, a tace. Sukari dunƙule huɗu a gora ɗaya. Gishiri ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka, kada ya wuce haka, cikinka ba ya so.

Sumana: Huɗu. Gishiri kaɗan. Shi ke nan?

Halidu: Da 'yar kanwa. Kuma kada ka sha da yawa a tashi ɗaya, ka riƙa kurɓa. Sumana, in ka ga Hadiza ka ce mata gobe ne za a...

Sumana: Kanwa, wala, an gama! Na gode, Tsoho, Allah ya ba da lafiya. Ga Alhaji nan ya shigo, sai an jima.

Halidu: Ba shi wayar! Ba Alhaji in yi masa magana! Sumana? Alo? Alo!