Taki Ashirin

A tashar Gummi, Mas'ud na jiran motar Bukkuyum ta cika, sai ya ƙura wa ƙafafun wani dogon mutum ido.

"Samari, takalmina kake so, ko mi?" in ji dogon.

"A'a Baba, ƙafar nake so. Aron ta za ka ba ni yini guda."

"Ikon Allah! In koma gida da mi?"

"Fili zan saya. Mai filin da taki yake awo, kuma taki ashirin ƙarfina ya kai. Da bara ne, taki arba'in zan samu da kuɗin nan, amma kowa ya baro ƙauye ya cika gari. Dubi ƙafata. In ni na taka, ko akuya ba ta juyawa ciki."

Dogon ya ƙyalƙyale da dariya. "In mai filin ya ce shi zai taka fa?"

"Gajere ne kamar turmi! Shi ya sa na ce masa yayana zai zo. Ni da Inna da ƙannena huɗu, ɗaki guda muke haya tun da muka baro Zugu. An ce mu tashi ƙarshen wata."

Dogon ya daina dariya, ya dubi ƙafafunsa.

"Shekara tara ina haya, ɗakin ko miƙewa ba na yi. Ashe da jari nake yawo."

"To za ka zo?"

"Zan zo. Amma duk abin da ya haura takinka, rabi nawa ne. Kuma ka bar ce mini Baba, kada gajeren ya gane ni ba yayanka ba ne."