Na Ɓoye Ɗana Cikin Rumbu

Salamu alaikum mai karanta mana wasiƙu. Ni ce Hadiza daga Tsarnawa, kuma raina a ɓace yake.

Shekara uku ke nan da aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko. Na ɓoye ɗana Sani cikin rumbun hatsi har mushe, malamin lakwal, ya tafi. Maƙwabciyata Rabi ba ta yi dabara ba, aka rubuta ɗiyarta Zali, har jaje na je na yi mata.

To, ran da za a ba su hutu, aka ce Zali ta zo ta ɗaya a karatu da lissafi. Ta tsaya gaban iyaye tana zuba Faransanci, aka ba ta littafi da sabulu. Rabi ta rangaɗa guɗa, wai in taya ta! Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Sani kuwa yana can bayan awaki.

Ko takardar maigidana daga Kumasi, Zali ke karanta mini, uwarta na kasa kunne.

Don Allah ku ba ni shawara, mushe zai karɓi ɗan shekara goma? Nan zan tsaya, don Zali ce ke rubuta mini wannan, kuma dariya take yi.