Dala biyar da wasiƙar Inna Hajo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka zaƙi. Ni ne Issufu direba, mai jigilar Madarumfa zuwa Maraɗi.

Da can kowa ta taga yake jefo mini wasiƙa kyauta, har mai tambayar lafiyar akuyarsa. Sai in wuni ina neman gidaje cikin birni. Da na gaji, na ce kowace wasiƙa dala biyar, kuɗinmu na sefa. Nan da nan suka ɗauke, na huta.

Amma akwai wata tsohuwa a Safo, Inna Hajo, mai aika wa ɗanta wasiƙa Maraɗi kowace Juma'a. Ita ma ta daina. Na ce, "Inna, ai ban da ke." Ta ce, "A'a ɗana, doka ta kowa ce." Yanzu gindin gawo take zama, tana kallon motata har in ɓace.

Tun daga nan nake mafarkin wasiƙu suna shawagi bisa tabkinmu kamar balbelu, ina miƙa hannu, ba su sauka.

Masu sauraro, in soke kuɗin ne, mai akuya ya dawo? Inna, in kina kusa da rediyo, ran Juma'a zan kashe mota gindin gawon nan, kuma ba ni tashi sai da takardarki.